Shekarar da Aka Ɗauki Muryoyin Gidana

Ya ku jikokina, na ji yadda ake ba ku labarin shekarar da goggonku Hauwa'u ta shigo gidan nan na unguwar Bani Malik a Jidda da na'urar ɗaukar magana, kuma ban gamsu da yadda ake bayar da shi ba. Ana ce muku wai na tsaya mata a hanya saboda kishi, daga bisani kakarku Hajiya Amina ta yi mini faɗa na sauko. Ba haka aka yi ba. Hajiya ba ta taɓa sauko da ni daga kan wata magana ba, sai fa in na ga dama na sauko da ƙafata. Saboda haka na ga ya wajaba in shimfiɗa muku al'amarin yadda ya auku tun ina da sauran ƙarfi, domin ku san abin da na ji tsoro, da abin da na yanke, da kuma abin da ya ci mini.

A Jidda aka haife ni, ban taɓa ganin ƙasar Hausa da idona ba sai da furfura ta fara fito mini. Amma mahaifina ya taso ne daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya biyo ta Yerwa da Abeshe da Fashir har Sawakin, ya ƙetaro bahar, ya sauke farali, kana ya zauna. Bai zo da dukiya ba, ya zo da harshe, kuma shi ya bar mini. Da shi na ci abinci tsawon ƙuruciyata, ina tafinta tsakanin alhazai da ma'aikatan tasha, har ya zamana tsofaffin alhazai in sun ji bakina sukan tsaya su ce rabonsu da jin irin wannan Hausa tun kakanninsu na raye. Da na yi iyali sai na kafa doka guda a gidana: duk wanda ya zauna a sufrata, wato shimfiɗar cin abinci, to ya yi Hausa tsantsa ko kuwa ya yi shiru. A titi su yi Larabcinsu, a makaranta su yi, wannan ƙasarsu ce kuma harshen addininsu ne, ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne gauraye, a ɗauko rabin magana daga nan rabi daga can. Hauwa'u, autarmu, ta bi dokar da daɗin rai, bakinta ya yi kyau. Yayanta Sulaimanu kuwa ya zaɓi shirun. Ya girma, ya yi aure, ya zama mai kula da sito a Unguwar Masana'antu, amma abin da nake samu daga bakinsa bai wuce "na'am, Baba" da "to, Baba" ba. Na riga na sallama cewa Hausa ta tsaya masa a kunne, ba ta gangaro harshensa ba.

Hauwa'u ta tafi ƙasar Suwidin neman ilimin harsuna, a wajen wata malama Baturiya wadda fanninta shi ne nazarin yadda harshe yake bayyana tsarin tunanin ɗan Adam. A shekarar da nake ba ku labari ta dawo hutu, ta zauna gabana bayan la'asar, ta ce akwai wani kwari a can arewa mai sanyi inda mutane suke da harshen kansu da ake kira Elfdaliya, wanda masu jin sa suka ƙaranta ƙwarai, kuma masana sukan yi taro a kansa, su tattauna yadda za a tsare shi. Ta ce a wannan karon an buɗe ƙofa ga masu nazarin wasu harsunan da suke cikin irin wannan hali, kuma malamarta ta samar mata gurbi ta gabatar da maganar Hausawan Jidda. Ta ce in ta yi kyau, za ta sake kai aikin wani babban taro na masu nazarin harshe da tunani, kuma a kan wannan digirinta ya rataya.

Na ce mata, "Wa ya gaya wa malamarki Hausa tana mutuwa? Ta je Kano ta ƙirga."

Ta ce, "Ba Hausar Kano ba, Baba. Tamu ta nan. Ita ce ke tafiya."

Na ɗauka ni ake nufi, kuma ba na jin kunyar faɗar haka, domin duk wanda ya san gidan nan haka zai ɗauka. Washegari da hantsi na sa babbar riga, na zauna a majalisi, wato ɗakin baƙi, na yi mata bayani mai tsawo a kan ladubban gaisuwa da sunayen zumunta, ban bar kalmar Larabci ko ɗaya ta kutso ba sai wadda addini ya kawo. Ta saurara cikin ladabi, ta yi godiya, ta kashe na'urar. Sa'an nan na ga ta miƙe ta nufi kicin, inda uwarta take tare da matar Sulaimanu, ta ɗora na'urar a kan firji ta bar ta a kunne. Haka ta yi kullum har hutunta ya yi nisa. Ni ba ta sake dawowa gare ni ba. Ina daga majalisi ina jiyo Hajiya tana cewa, "Yalla, kawo mini tukunyar nan, halas naman ya nuna," kuma wannan ne ake tarawa a kai Turai da sunan maganar gidana.

Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tambayi Hauwa'u dalili, ta ce abin da suke nema shi ne a wane wuri mutum yake sauya harshe, ko lokacin fushi, ko lokacin ciniki, ko lokacin rarrashin yaro, domin wai a nan ake ganin yadda hankali ya raba duniya gida-gida. Na ji bayanin, amma bai shige ni ba. Me mutanen da ke zaune cikin ƙanƙara za su yi da muryar wata tsohuwa ta Bani Malik tana faɗa a kan albasa? Mu mutane ne da muka daɗe da sanin cewa in baƙo ya zo yana tambayar daga ina kakanka ya fito, ba kullum ne yake nufin alheri ba. A unguwar nan akwai mai takardar ƙasa, akwai mai iƙama, wato takardar zama, akwai wanda tasa ta ƙare yana jiran kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya tuna da shi, kuma dukkansu suna shiga kicin ɗin Hajiya su sha shayi su yi hira ba tare da sun auna bakinsu ba. Abokina Alhaji Ɗahiru, Bahaushen Sudan mai sayar da turare, ya ƙara mini da nasa. Ya ce shi ya ji ana tara muryoyi ne a ɗura wa na'urori, har wata rana a kira ka a waya da muryar matarka alhali tana zaune kusa da kai. Ban gaskata shi duka ba, domin Ɗahiru yakan ji abubuwa da yawa. Amma babban tsorona ba wannan ba ne. Tsorona shi ne a tara fararen fata a zaure, a kunna musu gurguwar maganar iyalina, su yi ta murmushi suna rubutu, a ce ga abin da jikokin alhazai suka zama.

Na ce sai na ga malamar da idona. Hauwa'u ta kira ta a waya mai hoto, ta jingina wayar a jikin butar shayi, ta zauna tana yi mana tafinta, aikin da na yi wa mutane shekara da shekaru yau ga ƴata tana yi mini. Matar dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, tana da fara'a fiye da yadda zancen yake bukata. Ta ce kakarta ƴar wannan kwari ce, kuma lokacin da kakar take yarinya malaman makaranta sun sha kunyata ta a gaban aji saboda harshen, har ta rantse ba za ta koya wa ƴaƴanta ba. Ta ce shi ya sa take wannan aiki. Na bar ta ta gama.

Na ce, "Tambaye ta, ita tana jin harshen?"

Hauwa'u ta tambaya, ta ce, "Tana karanta shi sosai, Baba, tana kuma ɗan yi."

Na ce, "Ƴaƴanta fa?"

Hauwa'u ta yi jinkiri kafin ta juyar da amsar. "Ta ce ba su ji."

Na ce, "To ki gaya mata na gode da gaskiyarta. Wadda ba ta tsare nata a ɗakinta ba, ita ce za ta tsare mini nawa a zauren taro?"

Hauwa'u ta faɗi wani abu da Turanci, matar ta yi dariya ta gyaɗa kai. Na tabbata ba abin da na ce aka gaya mata ba, domin na san fuskar mutumin da aka isar masa da irin wannan magana, kuma ba haka take ba. Tsohon tafinta ba a ɓoye masa wannan. Tun daga ranar na fara zargin ƴata ma, ba malamar kaɗai ba.

Sai na yanke sharaɗi. Na ce babu kalma guda da za ta fita gidan nan sai na ji ta da kunnena, daga farko har ƙarshe. Duk inda aka ambaci takardun wani ko asirin wani gida, a goge. Duk inda na ga zubar da mutunci, a goge. Hajiya ta ce, "Alhaji, hirar mata ce fa, ya'ani me za ka ji a ciki?" Na ce in babu komai a ciki, to babu abin da zai dame ta. Na lura ta dubi Hauwa'u, Hauwa'u ta dubi ƙasa.

Muka yi kwanaki muna saurare, kullum bayan sallar Asuba kafin zafi ya taso, ni da Hauwa'u a majalisi. Na ji farashin kifi, na ji gulmar wani biki a unguwar Kurayyat, na ji maƙwabciya tana kuka a kan ɗanta da aka kora daga aiki, na sa aka goge wannan nan take kuma Hauwa'u ba ta yi musu ba. Na ji Hajiya tana dariya irin wadda ban san tana da ita ba. Maganar kuwa gauraye ce kamar yadda na zata, amma zan faɗi gaskiya, ba ta kai munin da na sa rai ba. Har na fara sakin jiki. Sai wata safiya na ga yatsan Hauwa'u ya ja abin gaba da sauri, ta ce wannan wurin hayaniyar kwanuka ce kawai.

Na ce, "Mayar."

Ta ce, "Baba, babu komai a wurin."

Na ce, "Ina son jin kwanukan."

Ta mayar. Aka yi ƙarar kwanuka kaɗan, gaskiya ne. Sa'an nan wani namiji ya yi gyaran murya, irin gyaran muryar da na sani amma ban taɓa ji daga waje ba, ya ce:

"Ya ku mutanen gidan nan, shin wane mahaluki ne daga cikinku ya bar na'urar sanyi tana ta kuka a ɗakin da babu kowa, alhali kuwa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙetare hamada da goran ruwa guda bai taɓa kokawa ba?"

Mata suka fashe da dariya. Na ji muryar Hajiya tana cewa, "La'a, la'a, ba haka yake yi ba, sai ya tsaya tukuna bayan mahaluki, ya dube mu ɗaya-ɗaya." Mai maganar ya sake, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Daga nan ya zarce. Ya ɗauko tafiyar mahaifina tun daga ƙofar gari, ya bi ta zango-zango, ya kawo shekarar da ya tsaya noman auduga don ya sami guzuri, ya kawo rashin lafiyar da ta kama shi a Fashir da matar da ta yi jinyarsa da kunun tsamiya, ya kawo jirgin ruwan katako da addu'ar da aka yi da aka hango gaɓa. Bai yi tuntuɓe ba. Bai sako Larabci ko kalma ɗaya ba. Kalmomin da ni kaina na ɗauka za a binne su tare da ni, irin waɗanda alhazan yanzu ba su sani ba, duk suna nan a bakinsa, kowace a mazauninta. Kuma duk inda ya kai wurin da nakan ɗaga yatsa, sai in ji dariya ta tashi, na san ya ɗaga.

Sulaimanu ne. Ɗana da ya shekara arba'in yana ba ni "to, Baba".

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini fushi ne, mai zafi ƙwarai. A gidana, da abincina a bakinsu, an mayar da ni abin wasan kicin, kuma daga yadda Hajiya take gyara masa na gane ba ranar aka fara ba. Hauwa'u tana hawaye ta ce za ta goge, ta ce dama ba ta yi niyyar in ji ba.

Na ce, "Ba ki yi niyyar in ji ba, amma kin yi niyyar su ji?"

Ta ce, "Shi ne zuciyar aikin, Baba. Yaya ba ya iya haɗa magana uku ta kansa da Hausa. Amma in ya ari muryarka, sai harshen ya zo masa gaba ɗaya. Malamata ta ce ba ta taɓa ganin misali mai kyau irin wannan ba. In na cire shi, sauran ba su da ƙarfin tsayawa."

Ashe ma an riga an ba malamar labari. Zargina bai faɗi ƙasa banza ba, ku riƙe wannan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na aika aka kira Sulaimanu majalisi, na sa Hajiya da Hauwa'u suka zauna. Ya shigo ya riga ya ji labari, ya durƙusa nesa da ni, ƙaton mutum mai gemu yana wasa da makullin motarsa.

Ya ce, "Asif, Baba. Wallahi wasa ne bas."

Na ce, "Ban kira ka neman gafara ba. Yi mini."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Abin da kake yi wa uwarka a kicin. Yi mini shi a nan, ina kallonka."

Ya dubi uwarsa. Hajiya ta ce, "Alhaji, haram, kada ka kunyata yaron." Na ce ni aka kunyata, kuma ina da haƙƙin in ga yadda aka yi. Ya gwada, ya kasa farawa. Na ce to ya juya mini baya in fuskata ce ke hana shi. Ya juya ya fuskanci bango, sa'an nan na ji gyaran muryar. Ya fara da rawar baki, amma kafin ya kai Abeshe ya daidaita. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Da ya iso gaɓar bahar sai ya tsaya, ni ma ban ce ya ci gaba ba. Kuskure ɗaya na samu a ciki, ya sa Fashir kafin Abeshe a karon farko ya gyara da kansa.

Na auna al'amarin kamar haka. In na sa aka goge, mutuncina ya tsira, amma abin da zai je taron shi ne yalla da halas, kuma masana za su rubuta cewa a gidan tafinta ma Hausa ta gurgunce. In na bari, za su ji Hausar mahaifina cikakkiya, amma za su ji ta ne tana tafe da dariyar iyalina a kaina. Babu hanya ta uku, domin na tambayi Hauwa'u ko za a iya cire dariyar a bar maganar, ta ce ana iya yi amma zai zama ƙarya, kuma ban rene ta a kan ƙarya ba. Na ce ta tafi da shi yadda yake. Na gindaya mata abu biyu kawai: ta faɗa wa taron cewa maganar ta tsohon ce ba ta ɗan ba, kuma ta faɗa musu tsohon yana raye, ya ji, shi ya ba da izini.

Abin ya ci mini, kada wani ya ce muku bai ci ba. Matar Sulaimanu ta ba ƴar'uwarta labari, kafin wata ya kama Bani Malik duka ta ji. Samarin da a da suke sunkuyar da kai in na wuce, sai na riƙa jin ɗayansu ya yi gyaran murya a bayana, sauran su kama dariya a ɓoye. Ɗahiru ya ce na sayar da girmana ga Turawa ban karɓi ko sisi ba. Har yau in na buɗe baki zan yi faɗa a gidan nan, sai in ga idanu suna haɗuwa, kuma faɗan ba ya kamawa kamar da. Wannan kwarjini ya tafi, ba zai dawo ba.

Da Hauwa'u ta dawo daga taron na zaunar da ita na yi mata tambayoyi. Ta ce sun yi dariya, sa'an nan suka nemi a sake kunnawa, a karo na biyu ba su yi ba. Na ce a wane wuri suka yi dariyar, tun da ba su jin Hausa? Ta ce dariyar matan kicin ce ta ja su. Ban sani ba ko haka ne. Ta kuma ce bayan an tashi wani tsoho ɗan wannan kwari, wanda Elfdaliya ce harshen da aka yi masa goyo da shi, ya tare ta a bakin ƙofa, ya ce ta gaya wa mahaifinta ya yi arziki, domin shi nasa ƴaƴan ko kwaikwayonsa ba za su iya yi ba. Maganar ta yi daɗi, kuma daɗin nata ne ya sa na yi shakka, domin na riga na kama Hauwa'u sau ɗaya tana gyara saƙo a tsakanina da Baturiya. Na ce ta nuna mini shi. Ta nuna mini hoton wani tsoho mai baƙar hula yana cin dankali a teburi. Na ce mata babu ƙasar da ba a samun tsoho mai cin dankali.

Duk da haka na ba ta amsa ta kai masa, in akwai shi. Na ce ta gaya masa ya riƙa yi musu faɗa da harshen, kullum, a kan ƙananan abubuwa, da kalmomi iri ɗaya, kuma kada ya kuskura ya leƙa kicin.

Ku kuma, na san a cikinku akwai masu kwaikwayona a bayan idona, an gaya mini har da wadda ta fi ubanta iyawa. Ban hana ba. Amma duk mai yi ya zo ya yi a gabana tun ina nan, domin in ya sa Fashir kafin Abeshe a sami mai gyara masa.